Darasi na Tara: Iri da Kiwo, Wanne Ke Yin Rago?

Maƙwabta biyu daga Maiwurno, nan Sudan, suka shiga kasuwar Sinnar saura wata huɗu Babbar Sallah, kowa ya sayo ɗan rago zai turke. Tsayinsu ɗaya, haƙoransu ɗaya, kuɗinsu ma kusan ɗaya. Dusa a wuri guda suke saye, buhun ambaz (tunkuzar da ke saura bayan an matse mai) ɗaya suke rabawa. Da watan Zulhajji ya kama, ragon ɗaya ya cika ya batse, ƙirji kamar ganga. Na ɗayan kuwa ban da tumbi da gashi babu abin da ya ƙaru. Mai shi ya kawo ƙara aji.

"Malam, ni dai na ce baki aka yi wa ragon nan."

"Baba, kafin mu kai ga baki, ka san uwarsa? Ka san ubansa?"

"Ina zan san su? A kasuwa na gan shi."

"To ran da ka kawo shi gida, dawa nawa ka zuba masa?"

"Cike da kwano. Ai ba na yi wa dabbata rowa."

Tambayoyin nan biyu su ne darasinmu na yau. Ta farko maganar iri ce, ta biyu maganar kiwo.

Littafin da ke cikin jiki

Jikin dabba, kamar na mutum, an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani zare mai tsawo da ake kira DNA. Ku ɗauke shi kamar littafi. Rabinsa daga uwa ya zo, rabi daga uba. An ɗaure shi dami-dami: na tunkiya dami 54, na akuya da saniya 60, na mutum 46. A cikin littafin akwai shafuka kimanin 20,000, kowane shafi da umarnin da yake ɗauke da shi. Da Larabci ana ce musu jinat, mu a nan za mu riƙa cewa shafukan gado. A 2009 masana suka fitar da karatun littafin saniya, na tunkiya kuma a 2014.

Ga abin lura. Littafin da ke cikin hanta shi ne a cikin tsoka, shi ne a cikin kitse, babu bambancin harafi ko ɗaya. Me ya sa hanta ba ta zama tsoka ba? Saboda kowace gaɓa shafinta take buɗewa ta karanta, ta bar saura a rufe. Kuma shafin da aka buɗe ma, wani lokaci a karanta shi sau da yawa, wani lokaci jefi-jefi. Duk wanda ya taɓa noman hawasha, wato gonar ban-ruwa, a Jazira ya san wannan. Ruwa yana nan cike a babbar tur'a, wato magudanar ruwa, tun daga madatsar Sinnar, amma gonar da aka buɗe wa ƙofa ita ke sha, kuma gwargwadon buɗin gwargwadon ruwan. Abinci, yunwa, zafi da ciwo suna cikin masu buɗe ƙofofin nan da rufe su. Abinci ba ya goge rubutun gado, ba ya ƙara masa harafi. Abin da yake yi shi ne ya sa a karanta wani shafi, a ƙyale wani.

Dubi ƙudan zuma. Sarauniya da ma'aikaciya daga ƙwai iri ɗaya suke fitowa. Wadda aka ci gaba da ba ta abincin sarauta tun tana tsutsa ita ke zama sarauniya, ta fi girma, ta yi ta zuba ƙwai, ta shekara biyu ko uku. Ma'aikaciya a lokacin aiki 'yan makonni take yi ta mutu.

Daga tumbi zuwa hanta

Idan ka zuba wa rago harawa, ba shi kake ciyarwa kai tsaye ba. A cikin tumbinsa akwai ƙananan halittu ba iyaka, su ne ke dafa ciyawar, su fitar da wasu ruwaye masu tsami-tsami da ke ratsa bangon tumbi su shiga jini. Ciyawa da kara sun fi ba da irin wanda ake gina kitse da man nono da shi. Hatsi ya fi ba da irin wanda hanta ke juyawa ya zama sukari. Mu mutane daga tuwo muke samun sukarin jininmu. Dabba mai tuƙa kuwa, kusan duk sukarin da ke jininta hantarta ce ta haɗa shi. Don haka hantar tunkiya ba ta hutu, shafukan haɗa sukari kullum a buɗe suke.

Idan dabba ta ƙoshi, sinadarin insulin yana ƙaruwa a jini, ya sa ƙwayoyin kitse su buɗe shafukan ajiya. Idan yunwa ta daɗe sai a juya: a rufe shafukan ajiya, a buɗe na ɗiba, kitse ya narke ya bi jini zuwa hanta. A kaza ba haka tsarin yake ba, ita a hanta ake haɗa yawancin kitsenta. Shi ya sa kazar da aka cika wa hatsi ba ta yawo za ka fede ta ka ga hantarta ta yi fari-fari tana dagargajewa.

Mata masu tatsa sun san wani abu da ya shafi wannan. A cika wa saniya gari da dusa a rage mata ciyawa, nono zai yi yawa amma a kaɗa a rasa mai. Dalili shi ne tumbin ya yi tsami, wani maiƙo da ke fitowa daga cikinsa ya je hantsa ya rage karatun shafukan haɗa man nono. A mayar mata da ciyawarta, cikin 'yan makonni mai ya dawo.

Abin da iri ya yanke

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai iyakar da iri ya yanke wadda buhun dawa ba ya ƙetarewa. A cikin littafin dabba akwai shafi guda mai suna mayostatin, wanda aka gano a Amurka a 1997. Aikinsa ya ce wa tsoka ta tsaya haka nan. Wasu shanun ƙasar Beljiyam sun rasa haruffa 11 kacal daga wannan shafin, sai linzamin ya tsinke, tsoka ta yi ta ninkuwa har yawancin 'yan maruƙansu ba sa haifuwa sai an yi wa uwar aiki. A jihar Okalahoma kuma, a 1983, an haifi wani rago mai manyan cinyoyi fiye da kima. Da aka bi zuriyarsa sai aka ga abin mamaki: wani shafi ne daban ya jawo hakan, kuma ɗan da ya gaji shafin daga uba kaɗai shi ke yin cinyoyin, wanda ya gaje shi daga uwa ba ya yi. Naman ma tauri gare shi, wato ba kowane girma ne riba ba.

Mu dawo gida. Tumakin Hamari da Kabbashi na Kurdufan dogaye ne masu babban ƙashi, su ne ake lodawa a Sawakin zuwa Jidda, har a kasuwannin Saudiyya ake kiran ragunan Sudan da Sawakini. Watish na bakin kogin nan namu bai kai su tsayi ba, amma ya saba da laka da damina. Na'imi na can Saudiyya a bindi yake tara kitsensa, kamar yadda raƙumi ke tarawa a tozo. Ka ba su abinci ɗaya, kowa inda littafinsa ya ce nan zai kai shi.

A ganina, mai tumaki biyar ko saniya biyu kada ya ruɗu da irin Turai don ya ji labarin yawan nononsu. An zaɓe su ne a ƙasar sanyi, a kan abincin da ba ya yankewa. Saniyar Kenana ko ta Butana, a zafinmu da ɗan abin da ke hannunmu, ta fi rufin asiri.

Abin da uwa ta ci

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne ba a cika dubawa ba, domin kowa idonsa na kan ragon turke, tunkiya mai ciki kuwa an sake ta ta tsinci kara.

A 2003, a Jami'ar Duke ta Amurka, an gwada wasu ɓeraye 'yan gida ɗaya masu littafin gado iri ɗaya. Wannan zuriya takan haifi 'ya'ya masu rawayan gashi, masu saurin ƙiba da ciwon sukari. Aka ƙara wa wasu iyaye mata sinadarai huɗu a abinci, ciki har da folik asid da bitamin B12, tun kafin ciki har yaye. Sai 'ya'yansu suka fi fitowa da gashi ruwan ƙasa, marasa ƙiba. Da aka duba, rubutun bai canza ba. Wani ɗan tambari ne ya hau kan shafin ya liƙe shi, kuma liƙin ya bi ɗan har girmansa. Idan aka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wani lokaci daga nan ne.

Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 150 ko ƙasa da haka kaɗan. Adadin zaren tsokar da ɗan rago zai rayu da shi a cikin ciki ake gama ƙirga shi, galibi a wata na biyu da na uku. Bayan haihuwa zaren kauri kawai yake yi, ba ya ƙaruwa. Uwar da ta sha yunwa a watannin nan, ɗanta zai iya zuwa da zaren da bai cika ba. Ka turke shi daga baya, abincin ya tafi kitse maimakon nama.

Sai makonni shida na ƙarshe, lokacin da ɗan ke yin kusan kashi biyu cikin uku na girmansa. Idan tagwaye ne sun danne tumbi, uwar ba ta iya cin da yawa, ga su suna zuƙar sukari dare da rana. Jiki sai ya buɗe shafukan ɗiba, kitse ya kwararo wa hanta fiye da ƙarfinta. Za ka ga tunkiya ta ware daga garke, ta tsaya sororo kamar makauniya, tana cizon haƙora, ta ƙi abinci, daga nan ta kwanta. Idan aka yanka ta, hantar rawaya ce mai maiƙo. Mai ƙiba sosai ma ba ta tsira ba, ta ma fi shiga haɗari in abinci ya yanke mata kwatsam. Da ka ga alamar farko, ka dama molas, wato maɗin rake na masana'antar sukari, ka ba ta, ka nemi malamin dabbobi a ranar. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun saura mako shida ka fara ƙara mata hatsi da ambaz, daga kimanin giram 200 a rana, kana ɗagawa har zuwa giram 500 dab da haihuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 abincin dabbobi ya yi wuya, na sani. In buhun bai isa kowa ba, mai ciki ce farko.

A turke

Yanzu ga kwanon dawar Baba. Halittun tumbin da suka saba da ciyawa ba su ne masu iya hatsi ba. Bangon tumbin kansa, wannan gashi-gashin da kuke gani kamar tawul in ana wanke kayan ciki, sai ya ƙara tsawo kafin ya iya shanye abin da hatsi ke fitarwa. Duk wannan yana cin mako biyu zuwa uku. Wanda ya cika kwano ranar farko, tumbi zai yi tsami, rago ya yi zawo, ya daina tuƙa, wani ya kumbura ya mutu. Wanda ya rayu ma, bangon tumbinsa na iya ƙonewa, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su yi ƙurji a hanta. Irin wannan ragon yana ci, ba ya auki.

Fara da giram 100 na hatsi a rana, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana uku, a raba safe da yamma. Harawa ko busasshiyar ciyawa ita ce farko kafin hatsi, kada ta yanke. Rago mai kilo 30 yana cin kimanin kilo ɗaya na busasshen abinci a yini, duka-duka. A ba shi maganin tsutsar ciki tun ranar da ya shigo gida. Ruwa da gishiri su zauna gabansa, domin dusa da hatsi zalla suna jawo tsakuwar fitsari ga raguna.

Hanta ita ce ma'aikatar, a kiyaye ta. Ambaz ɗin gyaɗa da ya yi fumfuna dafi ne gare ta, a zubar. Abincin kanti da aka haɗa don kaji ko shanu kada a ba tumaki, saboda akan sa masa sinadarin jan ƙarfe, hantar tunkiya kuwa tara shi take yi ba ta iya zubarwa da sauri, wata rana ya fashe cikin jini. A nan ma iri ya bambanta: Teksel na ƙasar Holan ya fi wasu tumaki saurin kamuwa. Angurya ba ta dace da ɗan ragon da bai fara tuƙa sosai ba. Gyauron dawa da ɗanyen Abu Sab'in, wato dawar da ake shukawa don dabbobi, da bai yi tsawo ba, musamman wanda fari ya taɓa, kowa ya san kisa suke yi.

Aikin gida

Kowa ya je garkensa da yamma. Ka ɗora tafin hannu a gadon bayan kowace tunkiya, bayan haƙarƙari na ƙarshe, ka danna. In ƙashin ya soke ka kamar tsinin wuƙa, ta rame. In ka ji shi sumul da ɗan dannawa, ta yi daidai. In ka neme shi ka rasa, ƙiba ta yi yawa. Ka ja layi huɗu a littafinka ka rubuta: kamannin tunkiyar, ragon da ya hau ta, watan da ya hau ta, da abin da hannunka ya ji. Daga watan hawan ka ƙirga wata uku da rabi, ka rubuta ranar da za ka fara ƙara mata abinci. Ku zo da littattafan ranar Asabar, za mu karanta su tare a allo.