Injin ban ruwa ya ƙi ja? Duba mesa kafin ka nemi bakanike

Salamu alaikum 'yan uwa manoman rani da masu kwashe ruwan rami.

In injinka yana ta ruri amma ruwa bai fito ba, kada ka yi saurin kwance shi. Fara duba mesar da ke shiga cikin ruwa, musamman wurin da ta haɗu da bakin injin.

Injin nan zuƙo ruwa yake yi. Ko ƙaramar kafa ce iska ta samu, iskar zai riƙa sha, ruwan kuma yana nan kwance.

Kashe injin. Cire mesar ka duba robar da ke cikin bakinta, sau da yawa ta tsage ko ta faɗi cikin laka ba ka sani ba. Mayar, ka ɗaure kilif sosai, ka naɗe wurin da tsohon tub na babur. Sai ka buɗe murfin sama, ka cika tukunyar injin, wato wurin da ruwan ke shiga kafin ya fita, da ruwa fal, sannan ka tayar.

Bara na kai nawa gyara har sau 2, ashe robar nan ce kawai.

Kar ka bar shi yana gudu ba ruwa a tukunya, sil ɗin ciki, wato abin da ke hana ruwa ɗiga daga tukunyar, zai ƙone.

Amma in ka ga ruwa yana ɗiga ta tsakanin injin da tukunyar, sil ya riga ya tafi, naɗin roba ba zai yi ba. Haka in yashi ya cinye farfelar ciki, ruwan zai zo amma ba ƙarfi. Wannan sai bakanike.