Shawara ga mai son kwana a gidan gona a Toskana

'Yan uwa, duk wanda Allah ya kai shi Toskana, wani yanki na ƙasar Italiya, ya samu 'yan kwanaki, ya daure ya kwana a gidan gona irin wanda suke kira agriturismo. Tun 1985 dokar ƙasar ta ba manoma damar saukar baƙi, da sharaɗin noma ya ci gaba da zama babban aikin gidan. Shi ya sa man zaitun ɗin da za a tsiyaya maka a kan burodi sau da yawa daga itatuwan gonar yake.

Abinci ne wurin lura sosai. Mutanen Toskana suna son naman alade, har da na daji, kuma suna zuba giya a girki. Kada ka bari sai an ajiye faranti a gabanka. Tun ranar da za ka kama ɗaki ka rubuta musu ka faɗa ƙarara, girkin iyali ne, suna saurara. Ka nemi ribollita, miyar wake da kabeji da ragowar burodi, amma ka tabbatar ba a soya ta da kitsen alade ba. Burodinsu kuwa babu gishiri, haka al'adarsu take.

Wurin wanka da tausa galibi maza da mata a haɗe ne, don haka ka tambaya ko za a keɓe muku lokaci kai da iyalinka. Idan kuna kusa da Saturnia, wani ƙauye mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ake wanka a ciki, ruwan can yana kai digiri 37, yana warin farar wuta. Hajiya ta cire zoben azurfa kafin ta shiga, ruwan yana baƙanta shi.

Ka ɗauki hayar mota, don hanyoyin gonakin na tsakuwa ne, bas ba ya kaiwa. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake tsinkar zaitun.