Kafin ka ɗora Windows 11, tsaya tukuna

Wasu da zarar saƙo ya faɗo wai sabon Windows ya iso sai kawai su danna, ni dai shawarata a bi a hankali. Fara duba ƙarfin kwamfutarka, Windows 11 na son RAM aƙalla 4GB, wurin ajiya 64GB da wani ɓangaren tsaro wai shi TPM 2.0, ka sauke manhajar PC Health Check ta Microsoft ita za ta faɗa maka ko injinka zai ɗauka. Amma fa 4GB ɗin nan a baki ne kawai, buɗe shafi goma a Chrome ka ga yadda za ta dinga jan ƙafa.

Sai tsohuwar firintarka da manhajar da kake neman abinci da ita, ka tabbata za su yi aiki a sabon? Ni na taɓa yin garaje, na'urar sikanata ta ƙi tashi, kwana uku ina fama da ita.

Wani hanzari ba gudu ba, Microsoft ta janye tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, wato ta daina aiko masa da sabuntawar tsaro da ta saba, don haka zama a kai da intanet akwai kasada. In za ka hau Windows 11, kwafe fayilolinka a filashi tukuna, ka jona caja. In bai maka ba kana da kwana 10 ka koma na da.