Yadda ake fara farautar barewa a dajin gwamnati a Amurka

Wanda ya san farautar gida, ta gayya da karnuka da sakin wuta, sai ya ajiye wannan sanin a gefe. A mafi yawan jihohin Amurka an hana korar barewa da karnuka, an hana haska ta da fitila da dare, kuma ba a sayar da naman da aka harbo. Farautar kwanton ɓauna ce: mutum ɗaya, bindiga ɗaya, da zaman shiru na awanni.

Takardu ne farko. Kowace jiha na da hukumar kula da namun daji da dokokinta, kuma galibi sai ka yi kwas na koyon farauta kafin a sayar maka da lasisi. Bayan lasisi akwai katin izini da ake ɗaura wa dabbar da aka harbe, shi ke faɗin ko namiji ko mace aka yarje maka, da yankin. Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga. Mai bizar karatu ko ziyara kuwa dokar tarayya ta hana shi, sai dai in yana riƙe da lasisin farauta mai aiki, don haka a tabbatar da wannan kafin a taɓa makami. Karanta littafin dokokin jihar na bana, ba na bara ba, domin ranaku na canzawa.

Sai zaɓen daji. Dazukan tarayya sun kai eka miliyan 193, jihohi kuma suna da nasu. Jihar Fensilbaniya kaɗai na da fiye da eka miliyan 1.5 na farauta. Manhaja irin onX Hunt na nuna iyakar filin gwamnati da na mutane. Sauke taswirar a waya tun daga gida, don sabis na ɗaukewa a daji, kuma a jihohi da yawa taka gonar wani da bindiga ba tare da izini ba laifi ne.

Ga inda sababbi ke faɗuwa: dajin kowa ne, kuma yawancin mafarauta ba sa nisa da wurin ajiye mota. Barewa ta san haka. Nemi wurin da sai an tsallake rafi, ko an hau tudu, ko an yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya. Je yawon dubawa makonni kafin a buɗe farauta. Abin nema: turbar da kofato ya daka, kashi sabo mai sheƙi, ciyawa da aka kwanta a kai cikin sarƙaƙiya, ƙananan itatuwa da namiji ya ɓare wa ɓawo da ƙaho, da ƙasar da ya tone a ƙarƙashin reshe. Zauna tsakanin makwanci da wurin ci. A jihohin arewa watan Nuwamba ne lokacin barbara, maza na yawo har da rana tsaka.

Iska ta fi komai. Hancin barewa ya fi idonta, kuma in ta shaƙi warin mutum za ta bar wurin ba tare da ka gan ta ba. Zauna iska na bugun fuskarka daga inda kake sa ran fitowarta. Ɗan farin gari a kwalba, a matsa a ga inda ya nufa, ya isa gwaji. In iska ta juya, tashi ka canza wuri. Ba turaren da zai rufa maka asiri.

Bindiga mai cin harsashin da ake kira .243 ko .308 ta wadatar, amma wasu jihohi irin Ohayo sun taƙaita irin harsashin da aka yarda da shi. Saita ta a filin gwaji a nisan yadi 100 da harsashin da za ka fita da shi. A kwanakin da aka ware don farauta da bindiga ana sa riga da hula masu ruwan lemo mai ƙyalli. Fensilbaniya na bukatar inci murabba'i 250 na wannan launi a kai da ƙirji da baya. Mai hawa bishiya don kwanton ɓauna ya ɗaure kansa da ɗamarar tsaro tun daga ƙasa.

Kada ka harbi motsi ko ƙara. Ga dabbar sarai, ga abin da ke bayanta. Jira ta ba ka gefe, ka auna bayan kafaɗar gaba, inda huhu da zuciya suke. Musulmi ya yi bisimilla lokacin harbi, in ya tarar da ita da rai ya yanka.

Bayan harbi kada ka bi ta nan take, korar mai rauni na sa ta yi nisa ta ɓace. Lura da inda ta tsaya, ka jira rabin awa. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ba ta yi nisa ba. Mai duhu na hanta ne, a ƙara awanni. In akwai kore-kore da wari, tumbi aka samu, a bar ta awa takwas ko fiye.

Da ka same ta, cika katin ka ɗaura yadda jihar ta ce, sannan ka farke ciki a hankali, bakin wuƙa na kallon sama don kada tumbi ya fashe. Fitar da kayan ciki, ka tokare ƙirjin da sanda iska ta shiga. Nama na so ya sauko ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Celsius da wuri. Kai wa hukumar jihar rahoton harbin cikin wa'adi. A yankunan da ke da cutar da ke rame barewa tana taɓa ƙwaƙwalwarta, ba a fitar da kai da ƙashin baya daga yankin, kuma gara a kai samfur gwaji a jira sakamako kafin a ɗora tukunya.