Kurakuran da ke ɓata aikin dashen katako da rauta, da yadda ake gyara su

Masu yin odar kayan ɗaki a Sakkwato, musamman iyayen amare, sukan tambayi ado irin na katako cikin katako: dagin Arewa a allon kan gado, tauraro a tsakiyar teburi, ko siririn layi mai duhu da ya kewaye ƙofar kabad. Yadda aikin yake, a haƙa gurbi a fuskar katako, a yanko wani katakon mai launi dabam daidai girman gurbin, a dasa shi da gam, a goge har yatsa ya kasa jin mahaɗa. Ana iya yi da cizal da wuƙa, sai dai yana cin lokaci, shi ya sa kafintoci suka koma ga rauta, injin lantarki na hannu mai haƙar katako, da kuma patan, wato allon da aka huda siffar adon a jikinsa. Abin da nake so mai koyo ya riƙe shi ne rauta ba ta da ido. Abin da patan da zobe suka nuna mata shi take yankawa, har da kuskuren. Yawancin aikin da ke lalacewa, tun kafin a kunna injin ya lalace.

Kayan wannan aiki da aka fi samu guda uku ne a leda ɗaya. Akwai siririn baki, wato ƙarfen da ke juyawa yana yanka, mai kaurin 1/8 na inci, akwai zoben tagulla da ake ɗaurawa a gindin rauta mai faɗin 5/16, sai wata 'yar hula da ake cusa wa zoben ta mayar da faɗinsa 9/16. Zoben ne ke goga jikin patan, bakin kuma yana juyawa a tsakiyarsa. Kuskuren da ya fi yawa a wajen sababbin hannu shi ne rikita lokacin sa hular. Gurbi da hula ake haƙa shi, ɗan dashen kuma babu hula ake yanko shi. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Idan hular na kai, gefen bakin na waje yana yanka a nisan 7/32 daga patan, nan ne bangon gurbi. Idan aka cire ta, bakin ya matsa waje da 1/8, kaurin kansa ke nan, sai gefensa na ciki ya faɗa a kan wancan layin daidai. Wanda ya juya tsarin zai tarar da giɓin 1/4 na inci a kowane gefe, sama da milimita 6, kuma babu gam ɗin da zai rufe wannan. A rubuta a jikin patan ɗin da biro: gurbi da hula, dashe babu hula. Yaron shago ma zai gani.

Daga wannan lissafin wani kuskuren yake fitowa. Bakin 1/8 siriri ne, yana karyewa, in ya karye kuma sai a aika yaro kasuwa ya samo "mai kama da shi". Ya dawo da na milimita 3, a ido babu bambanci, amma 1/8 na inci milimita 3.175 ne. Ɗan dashen zai fi gurbin da kusan milimita 0.2 a kowane gefe, ya ƙi shiga. In na milimita 4 aka sa, giɓin kusan milimita 0.8 zai zagaye adon. An ƙera hular ne don kaurin baki guda tak. Haka nan kolet, maƙoshin da ke riƙe ƙafar bakin. Rautocin da ke shigo mana wasu na milimita 6 ne, wasu na 1/4 na inci, wato milimita 6.35. Ƙafar milimita 6 a kolet na 1/4 ba ta kamuwa da kyau ko an ɗaure da ƙarfi. Tana zamewa ƙasa a hankali, gurbin ya yi ta ƙara zurfi, wani lokacin bakin ya fice gaba ɗaya yana juyawa. Wannan ya wuce ɓata katako, yana iya raunata mutum. A duba lambar da ke jikin kolet da ta baki kafin a saya, kuma kada a naɗa takarda ko gwangwani a ƙafar baki don ta cika.

Sai zaman zobe. Idan bakin bai tsaya a tsakiyar zoben cif ba, nisan da ke tsakanin patan da yanka zai riƙa canzawa duk lokacin da aka karkata rautar, sai ka ga gefe ɗaya ya matse, ɗayan ya buɗe. Mutum ya zargi patan ko hannunsa, alhali farantin gindin rautar ne ya goce. Ana sassauta sukurorin farantin, a sa ƙarfen daidaitawa mai tsini a kolet, a tura shi cikin zoben har ya ja farantin tsakiya, sannan a ɗaure. Wanda bai da wannan ƙarfen, ya yi alama a gefe ɗaya na rautar, ya bar alamar tana fuskantar wuri guda a duk zagayen, a gurbi da a dashe. Girgizar inji tana kwance notin zoben, don haka a taɓa shi kafin kowane yanka.

Shi kansa patan ana yi masa sakaci. Filawud mara kyau mai ramuka a ciki bai dace ba, domin zoben zai faɗa cikin ramin, bakin ya bi shi. MDF, wato allon garin katako da aka matse, ko farin roba mai tauri na milimita 6 ya fi, kuma dole kaurinsa ya fi tsawon wuyan zoben, in ba haka ba zoben zai riƙa jan fuskar aikin. A goge bakin hudar da samfefa har yatsa ya bi ta babu tuntuɓe. A tuna kuma adon zai fito ƙarami fiye da hudar da kusan milimita 5.6 ta kowane gefe, saboda haka sai an faɗaɗa zanen. Nan dagin Arewa yake kayar da mutane: hular faɗinta ya ɗara milimita 14, duk lungun da bai kai haka ba ba za ta shiga ba. Dagi ba a yinsa da patan guda a yanka guda. Ana raba shi gaɓa-gaɓa, a dasa zare ɗaya, a bari gam ya bushe, a goge, sannan a yanka na biyun ya ratsa ta kansa, ta haka saƙar take fitowa. Kusurwa mai tsini kuwa, kamar ta tauraro, baki mai zagaye ba ya iya fitar da ita a gurbi. Da cizal ake ƙarasawa, ko a ɗan daddatse tsinin ɗan dashen ya bi gurbin. Idan siffar ba ta da daidaiton dama da hagu, a yi wa fuskar patan alama, don kada a kifa shi a yanka na biyu.

Wajen yankan, akwai bambancin da ya kamata a sani. A gurbi, in hannu ya goce ciki babu laifi, dama wurin za a ƙwaƙule. A ɗan dashe, gocewa ciki ko ta ƙiftawar ido ce ta cinye gefensa, sai dai a sake wani. Don haka zoben ya manne da patan tun kafin a saukar da baki har bayan an ɗaga shi. A cikin huda ana tafiya ta yadda hannun agogo yake juyawa, domin ta haka juyawar bakin take tura rautar zuwa jikin patan. Kada a nemi zurfin duka a tashi guda, milimita 1.5 zuwa 2 a kowane zagaye ya isa wa bakin nan. Garin katako yana cushewa tsakanin zobe da patan ya hana su haɗuwa, a tsaya a busa, a sake zagayawa. Kuma ɗan dashen da ba a manna shi da salatif mai gam gefe biyu a kan wani allo ba, da zarar ya rabu da katakon da aka yanko shi daga ciki zai motsa, bakin ya cafke shi. Wata dabarar ita ce a yanka siffar a katako mai kauri ba tare da an fasa ƙasa ba, daga baya a tsaga shi da zarto ya fito. Patan ɗin a kama shi da kilam, wato ƙarfen matse katako, guda biyu aƙalla. Hannun yaro ba kilam ba ne, kuma bai kamata ya kusanci bakin ba.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, domin shi ne yake dawo da aiki bayan an biya kuɗi an kai ɗakin amarya. Yawancin katakon da muke saye wurin 'yan katako daga kudu yake zuwa, da danshinsa. Katako yana shan ruwan iska yana fitarwa muddin yana nan. Idan danshin iska ya kai kashi 80 cikin 100, katako yakan riƙe ruwa kusan kashi 16 na nauyinsa. Idan ya sauka zuwa kashi 20, sai ya koma tsakanin 4 da 5. Mu a Sakkwato duka biyun muke gani a shekara guda, watan Agusta da damina, sannan hunturu da bazara lokacin da iska take bushewa ƙayau. Katako kuma ba ya tsukewa daidai ta ko'ina: ta faɗi yake tsukewa, ta tsawon jijiya, wato layukan da ke jikin katako, kusan ba ya motsi. To ka ɗauki ɗanyen madaci ka dasa masa busasshiyar maɗobiya a watan Satumba, jijiyar dashen ta gitta ta uwar katakon, wato allon da aka yi dashen a cikinsa. Zuwa Janairu madacin ya tsuke, dashen ya ƙi, sai ko dai ya kumburo sama ko ya tsaga allon. In dashen ne ɗanye, shi zai tsuke ya bar baƙin layi a gefensa, ƙurar hunturu ta cika shi.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi, haƙuri yake buƙata. A jera katakon a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ba a rana ba, domin ranar nan tana fasa fuskar katako cikinsa bai bushe ba. Katakon dashe da uwar katakon su zauna a shago ɗaya na makonni kafin a taɓa su. Wanda bai da na'urar auna danshi ya yanki guntu ya riƙa ɗora shi a sikeli duk bayan 'yan kwanaki. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katakon ya daidaita da iskar wurin. Babban ado a sa jijiyarsa ta bi ta uwar katakon, dashen kuma kada ya wuce milimita 3 a kauri, saboda siriri yana bin motsin allon, mai kauri kuwa yana ja da shi. Idan mai aiki yana gaggawar biki, gara a gaya masa gaskiya, ko a dasa adon a kan filawud mai kyau wanda ba ya motsi sosai.

Zurfin gurbi ya gaza kaurin dashen da kamar rabin milimita, don a goge dashen ya sauko daidai da allon. In gurbin ya fi zurfi, allon duka za a ci, kuma a filawud fatar saman ba ta da kaurin da za ta jure haka. Wajen gwaji, sau da yawa za ka ji yaro ya ce, "Maigida, wanga ya ƙi shiga, in buga mishi guduma?" Amsar ita ce, "A'a ɗana, kawo samfefa." Ana ɗan zaftare gefen ƙasa na dashen kaɗan don ya sami hanya, a gwada shi rabi kawai, domin wanda ya zauna daidai in ya shige duka ba ya fita sai an fasa shi. Farin gam a shafa shi siriri a ƙasa da bango. In ya yi yawa ba shi da mafita, sai ya tokare dashen ya hana shi zama. A zafin Afrilu da ke haura digiri 40 gam yana yin fata cikin 'yan mintuna, don haka kilam da allon dannawa su kasance a hannu kafin a buɗe robar. Loko da maɗobiya suna da maiƙo, a goge wurin da tsumma mai ɗan tina, wato ruwan tsinka fenti, ya bushe, sannan a sa gam.

Gugar ƙarshe ma tana ɓata aiki mai kyau. Garin katako mai duhu yana shiga ƙofofin farin katako irin malaina ko afara, adon ya yi dauɗa, fenti mai sheƙi kuma ya kulle dauɗar a ciki. Kankara da ƙarfe mai kaifi ta fi samfefa a nan, ko a fara shafa wa farin katakon sila, wato man da ke toshe ƙofofin katako, kafin a goge. Ƙaramin giɓi ana cike shi da garin katako mai duhun a kwaɓa da gam. Na farin yana fitowa fili. Babban giɓi kuwa kada a cika shi da kwaɓi, a faɗaɗa shi da gangan a zagaya da siririn layi na wani launi.

Batun wuta a taƙaice. Wutarmu bolt 230 ce, rautar gwanjo daga Amurka kuma ta 120 ce, in aka jona ta kai tsaye ƙonewa za ta yi. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukar babbar rauta. Gudunta ya ragu, bakin ya riƙa ƙona katako maimakon yanka. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, a kashe makunnin nan take a ɗaga bakin daga gurbin, domin in wutar ta dawo rautar za ta tashi da kanta a kan aikin. Canza baki da cire hula kuma sai an zare fulogi daga bango.