Yadda Ake Zana Ƙwayar Zarra ta Sodiyam

Kafin ɗalibi ya ɗora fensir a kan takarda, wajibi ne ya duba jadawalin sinadarai ya samo lambar zarra ta sinadarin. Ta sodiyam 11 ce, wato yana da furoton 11 da ilektaron 11. Idan kuma aka cire 11 daga lambar nauyinsa, wato 23, za a sami niyutaron 12. Waɗannan ukun su ne ƙananan ɓurɓushin da suka haɗu suka yi ƙwayar zarra.

A tsakiyar takarda a zana ƙaramar da'ira a matsayin cibiya, a rubuta adadin furoton da niyutaron a cikinta. Daga nan sai a kewaye ta da zobba, bisa tsarin da masanin kimiyya Niels Bohr ya gabatar a 1913, a riƙa sa ɗigo guda a kan zobe a madadin kowane ilektaron. Zoben farko ilektaron 2 kawai yake ɗauka, na biyu yana ɗaukar 8, kuma ba a tsallakawa zuwa zobe na gaba sai na ciki ya cika. A nan ne na fi ganin ɗalibai suna kuskure, domin gaggawa takan sa su cusa ɗigo uku a zoben farko. Na fi son a jera ɗigon biyu-biyu, saboda ƙirga su ya fi sauƙi.

Sodiyam zai fito 2, 8, 1. Wannan ɗigo guda na zoben waje shi ne ilektaron na haɗuwa, wanda sodiyam ke miƙa wa kulorin mai tsarin 2, 8, 7, har a sami gishirin da muke zubawa a miya.