Yadda Ake Raba Buɗaɗɗen Falo da Launin Fenti Ba Tare da Gina Bango Ba

Yawancin filat ɗin da ake ginawa yanzu a Abuja, Kaduna da sababbin unguwannin Kano, falo da wurin cin abinci a haɗe suke, wani lokacin har da kicin, babu ƙofa babu bango a tsakani. Wanda ya tashi a gidan da ke da zaure daban, tsakar gida daban, madafi daban, in ya shiga irin wannan falon sai ya rasa inda zai ajiye me. Kujeru na nan, tebur na can, amma wurin kamar ɗakin taro. Ɗan haya ba shi da ikon tada bango, labule kuma a tsakiyar falo tare haske yake yi, ya tara ƙurar hunturu. Abin da ya rage shi ne fenti, kuma yana yin aikin in an bi shi yadda ya kamata.

Na ga mutane da dama sun gwada abin ya ƙi. Kusan dukkansu suna ɗora laifin a kan launin da suka zaɓa, alhali launin ba shi da laifi. Inda suka tsayar da shi ne ya ɓata aikin. Don haka a nan zan fi daɗewa.

Da farko, jera kayanka kafin ka je kasuwa

In haya kake, faɗa wa mai gida tukuna. Sannan ka shigo da kujeru, tebur, talabijin, duk abin da zai zauna a falon, ka jera su ka zauna da su kamar mako guda. A cikin makon za ka gane inda ake yawan wucewa, inda yara ke zubewa su ci abinci, da kusurwar da kake shimfiɗa darduma in za ka yi nafila. Waɗannan su ne ɓangarorin gidanka na gaskiya, ba waɗanda ka gani a hoton waya ba. Kada su wuce uku. Falon da aka yanka gida huɗu ko biyar da launi ya koma kamar makarantar yara.

Na biyu, launi

Launi ɗaya mai haske zai ɗauki mafi yawan bangon, ya zagaye ko'ina: ruwan madara, fari mai ɗan duhu, ko ruwan toka mara ƙarfi. Shi ne ke riƙe falon ya zama abu ɗaya. Sai na biyu mai ɗan nauyi ga ɓangaren da kake son warewa, galibi wurin cin abinci. Na uku kaɗan ne, don ƙaramin lungu kamar wurin sallah ko teburin karatu. Masu adon gida suna da ƙa'idar kashi 60 ga launi na farko, 30 ga na biyu, 10 ga na uku, kuma a wannan aikin tana tafiya daidai.

Ni dai ba na sa farin ƙal a falo a Arewa. Wata biyu na hazo ya isa ya mai da shi ruwan ƙasa, kuma duk yatsan da ya taɓa shi sai ya fito. Wurin cin abinci na fi son ruwan makuba ko ruwan goro mai duhu, wurin sallah kuma kore mai sanyi. Ja mai haske da ruwan ɗorawa mai ƙarfi a bar su, suna gajiyar da ido a ɗakin da ake yini a ciki.

Kada ka yarda da ɗan katin launin da ke shago. Sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa a kwali mai faɗin kamar rabin mita, shafi biyu, ka jingina shi a bangon. Duba shi da safe, da la'asar, da kuma dare. Ƙwan lantarki mai farin haske, wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa, yana mai da ruwan madara ya yi fari fat, ruwan toka kuma ya karkata zuwa shuɗi. Mai rawayan haske, 2700K ko 3000K, akasin haka yake yi. Da ƙwan da za ka zauna da shi za ka gwada.

Na uku, iyaka: a nan ake faɗuwa

Ido yana son dalili. In launi ya canza a inda ginin kansa ya canza, ba wanda zai ce komai, za a ga kamar haka aka gina shi. In ya canza a tsakiyar bango haka kawai, kowa ya shigo zai ɗauka fenti ne ya ƙare wa mai aikin.

Saboda haka ka fara neman iyakar da magini ya riga ya bar maka. Mafi kyawunta kusurwar ciki, inda bango biyu suka haɗu suka shige. Bayanta sai gefen ginshiƙi, ko ƙarƙashin bim, wato dogon kankaren da ya ratsa silin, ko gefen ƙofa, ko inda tayil ɗin ƙasa ya canza. Kusurwar waje, wato wadda ta turo cikin ɗaki, ka guje ta. Filastarmu da hannu ake yin ta, da wuya ka samu bakin kusurwa a miƙe sambal, kuma launi biyu a kansa tona karkacewar suke yi. In dole ne, ka zagaya da launin ya wuce kusurwar har zuwa kusurwar ciki ta gaba.

To in dogon bango ne ɗaya tun daga ƙofar shiga har kicin, babu ginshiƙi babu komai fa? A nan kayan ɗaki ne za su ba ka iyaka, kuma shi ya sa na ce a jera su tun farko. Na taɓa yin aiki a wani filat a Kaduna kafin a kawo kujeru. Aka nuna mini da hannu aka ce daga nan zuwa can wurin cin abinci ne, na ja layi na shafa ruwan ƙasa mai duhu. Da kaya suka iso, sai layin ya faɗo daidai tsakiyar doguwar kujera, rabinta a falo rabinta a wurin cin abinci. Sai da aka yi shafi uku na launi mai haske kafin duhun ya ɓace. Tun daga ranar ba na jan layi a falon da babu kaya.

Ga yadda nake aunawa. Ja kujerun tebur baya kamar mutum zai tashi, ka ƙara santimita 30 daga bayan ta ƙarshe, nan ne iyakar. Launin ya fi kayan faɗi ta kowane gefe, ya zama kamar ya rungume su. Layin ya sauka a fili tsakanin kaya biyu, kada ya ratsa bayan kujera, ko soket, ko makunnin fitila, ko hoton bango. Kuma ya tashi daga ƙasa har silin. In kana son wurin ya ji kamar ɗaki sosai, ka haye da launin kan silin daidai faɗin wurin, amma wannan sai silin mai tsawo, kamar mita 3, in ba haka ba zai danne wurin.

Wurin sallah kuwa ba ya bukatar bango guda. Faɗin darduma da ɗan ƙari ya isa, a bangon da ke alƙibla, saman a zagaye kamar baka. Ƙusa ɗaya a tsakiya, zare da fensir, ka zana rabin da'ira.

Kada ka auna layin tsaye daga kusurwa, kada ka auna na kwance daga ƙasa. Kusurwar na iya karkacewa, tayil ɗin ma haka. Ɗaura ƙaramin ƙarfe a bakin zare, ka rataye shi daga sama, ka jira ya daina lilo, ka ɗiga alama da fensir a wuri huɗu ko biyar. Na kwance kuma ka ari tiyon ruwa irin na magina.

Na huɗu, salatif

Salatif na takarda ake so, ba na leda ba. Liƙa shi a bin alamar, ka danne bakinsa da farce. Yanzu ga abin da yawancin mutane ba sa yi: kafin ka taɓa sabon launi, ka ɗauki launin da ke bangon, mai hasken, ka shafa siriri a kan bakin salatif ɗin, ka bari ya bushe. Duk ƙananan ramukan da fenti zai bi ya tsiyaya ƙarƙashi, wannan shafin ya toshe su da launin da ba zai nuna ba. Sai ka kawo mai duhun. Cire salatif ɗin tun shafi na ƙarshe da ɗanyensa, a hankali, kana jan sa a karkace. In ka bari ya kwana zai taho da fentin.

Wannan duka sai bango mai santsi. In bangon mai kaushi ne, irin fentin nan mai ƙurji-ƙurji, babu salatif ɗin da zai ba ka layi. Ko a yi sikiridin, wato a shafe bangon da siririn kwaɓi ya yi santsi, a goge da samfefa, ko ka rufe iyakar da siririn katako da aka yi wa fenti.

Sauran aikin

Mai haske ake fara shafawa ko'ina, ya bushe sosai, a bar shi ya kwana biyu kafin a liƙa masa salatif. Burushi a gefe-gefe, rola a tsakiya, shafi biyu, da tazarar awannin da aka rubuta a jikin bokitin. Ɓangaren kicin da wurin cin abinci a sa fentin satin mai ɗan sheƙi, don yana gogewa da jiƙaƙƙen tsumma in miya ko manja ya fallatsa. Falo kuwa fentin emolshan, wato na yau da kullum mara sheƙi, ya wadatar. Bangon da ke da danshin damina ko sabuwar filasta a bar shi ya bushe tukuna.

Batun kuɗi: kada wani ya sa ka sayi bokitin lita 20 don launi na biyu. Bango mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, shafi biyu, bai fi cin lita 2 zuwa 3 ba in fentin mai kyau ne, galan ɗaya na lita 4 ya isa har da saura. Ka tsaya a wurin lokacin da ake sirka shi da ruwa, don launi mai duhu da aka cika wa ruwa dabbare-dabbare yake fitowa. In a shago aka haɗa maka launin, saya gaba ɗaya a lokaci guda, haɗi na biyu da wuya ya zo daidai da na farko. Ragowar ka rufe ta da kyau, ka rubuta sunan launin da ɓangaren da aka shafa shi a murfin.